Gani Ya Kori Ji: Yadda Ake Sa 'Yar Fitila a Makunnin Ƙafa na Amfilifayar Bes

Duk wanda ya taɓa zama kusa da makaɗan zamani a ɗakin taro ko wurin biki ya ga wata irin jita mai dogon wuya da tsirkiya huɗu, wadda muryarta take fita can ƙasa har mutum ya ji ta a ƙirjinsa. Ita ake kira bes. Ita kaɗai ba ta da wata murya da za a ji daga nesa, sai an jona ta da na'urar ƙara sauti, watau amfilifaya. Hannuwan makaɗi duka biyu suna kan jita, saboda haka in yana so ya sake wani abu a amfilifaya yana cikin kiɗa, sai ya taka wani ɗan akwati da ke ajiye a gabansa. Wannan akwati shi ne makunnin ƙafa.

To, akwai wani aibi ga makunnai da yawa, musamman masu araha. Ko a kunne suke ko a kashe, kamanninsu ɗaya ne. Misali, makaɗi ya taka makunni ya ɗauke sauti domin ya daidaita tsirkiyoyinsa tsakanin waƙa da waƙa, wani ya zo ya yi masa magana, ya manta. Mai ganga ya ba da alama, kowa ya shiga, shi kuwa yana ta kaɗawa ba a jin komai. Ko kuma ya yi tsammanin ya ɗauke sautin alhali bai ɗauke ba, ya zare waya daga jita, lasifika ta yi wata irin tsawa a tsakiyar jawabin babban baƙo. Wanda kiɗa ne sana'arsa ya san irin wannan kuskure yana iya sa a daina gayyatarsa. Maganin abin kuwa 'yar fitila ce wadda ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba, wadda za ta kama in abin yana kunne, ta mutu in yana kashe. Wannan darasi zai bayyana yadda ake sa ta, da lissafin da ke ciki, da abubuwan da ya wajaba a kiyaye.

Asalin kayan

Wani Ba'amurke mai suna Paul Tutmarc, mutumin birnin Seattle, ya ƙera jitar bes ta lantarki tun cikin shekarun 1930, amma ba ta yi kasuwa ba. Sai a 1951 Leo Fender na garin Fullerton a jihar Kalifoniya ya fito da wadda ya sa wa suna Precision Bass, ita ce ta bazu a duniya. A 1952 ya ƙera mata amfilifaya ta musamman mai suna Bassman. Kamfanin Ampeg kuma ya fito da B-15 a 1960, sa'an nan a 1969 ya fito da SVT mai ƙarfin wat 300. Dalilin da ya sa bes take bukatar amfilifaya tata daban shi ne, tsirkiyarta mafi kauri tana girgiza kamar sau 41 kacal a daƙiƙa ɗaya, kuma irin wannan sauti mai zurfi yana bukatar babbar lasifika da wuta mai yawa.

Fulogin da ake jona jita da makunni da shi ya girmi dukan waɗannan. Kaurinsa kwata na inci ne, watau milimita 6.35, kuma asalinsa daga ofisoshin wayar tarho ne na ƙarni na 19, inda ma'aikata suke jona layi da layi da hannu.

Ita kuwa 'yar fitilar, wadda ake kira LED, ba irin ƙwan lantarki ba ce mai zare a ciki. Wani ɗan ƙanƙanin ma'adini ne yake ba da haske in wuta ta ratsa shi. Wani injiniya Bature, H. J. Round, ya fara lura da irin wannan haske a 1907. Nick Holonyak na kamfanin General Electric ya yi LED mai jan haske a 1962. Shuɗiya mai haske sosai ba ta samu ba sai farkon shekarun 1990, kuma saboda ita aka ba Isamu Akasaki da Hiroshi Amano da Shuji Nakamura kyautar Nobel a 2014. LED ba ta cin wuta da yawa, ba ta zafi, kuma girgiza ba ta kashe ta. Saboda haka ta dace da akwatin da kullum ake takawa.

Yadda makunnin ƙafa yake aiki

Makunni mai maɓalli ɗaya abu ne mai sauƙi ƙwarai. Waya biyu ne suke fitowa daga gare shi zuwa fulogi, ɗaya tana jone da kan fulogin, ɗaya da jikinsa. In an taka, wayoyin su haɗu. In an sake takawa, su rabu. Amfilifaya ita ce take lura ko sun haɗu ko sun rabu, sai ta aikata abin da aka shirya mata, ko ta ɗauke sauti, ko ta sa murya ta yi kaushi, ko ta koma wani layi.

Kafin a taɓa komai, tilas ne a san abu uku game da makunnin da ke hannu.

Na farko, makunnai iri biyu ne. Akwai mai riƙewa, wanda in an taka sai ya yi ƙas ya tsaya a haka har a sake takawa. Akwai kuma mai saki, wanda yake haɗa wayoyi muddin ƙafa tana kansa, da an ɗaga ya raba su. Kamfanin Boss yana da misalin kowanne: FS-5L mai riƙewa ne, FS-5U mai saki. Hanyar da za a koyar a nan ta mai riƙewa ce kaɗai. Ga mai saki, amfilifaya ce take tuna halin da ake ciki, shi makunnin bai san komai ba, saboda haka fitilar da aka sa masa za ta kama ne kawai lokacin da ƙafa take kansa, wannan kuwa ba shi da wani amfani. Kada kuma a musanya mai saki da mai riƙewa, domin amfilifayar da aka shirya wa mai saki za ta rikice, sau da yawa sai an taka sau biyu kafin ta amsa.

Na biyu, a buɗe akwatin a duba. In waya biyu ne kawai suka tafi kai tsaye zuwa ƙafafun makunni, to aikin mai sauƙi ne. In kuwa an ga dayod ko rizista ko wani allo mai ƙananan kaya a ciki, wannan alama ce kamfanin ya shirya waya ɗaya ta ɗauki umarni iri iri. Irin wannan a bar wa gwani.

Na uku, a gane yaushe abin yake kunnuwa. A wasu amfilifayoyi haɗuwar wayoyi ce take kunna shi, a wasu kuwa rabuwarsu. Ana ganewa da mita. A jona makunni, a taka har abin da ake so ya kunnu, sa'an nan a zare fulogin ba tare da an sake takawa ba. A juya mita zuwa wurin da take ƙara in wayoyinta sun haɗu, a ɗora ɗaya a kan fulogi, ɗaya a jikinsa. In ta yi ƙara, haɗuwa ce take kunnawa. In ta yi shiru, rabuwa ce. A rubuta amsar a takarda, gama za a bukace ta nan gaba.

'Yar fitila da lissafinta

LED tana da ƙafa biyu, doguwa da gajera. Doguwar tana fuskantar gefen batir mai alamar +, watau fositif, gajerar tana fuskantar mai alamar −, watau negetif. In an riga an yanke ƙafafun, a duba bakin gindinta, za a ga wuri ɗaya a shafe, to ƙafar da ke kusa da nan ita ce ta negetif. In an juya ta ba za ta kama ba, domin wuta hanya ɗaya kaɗai take bi ta cikinta.

Babban abin kiyayewa shi ne, LED ba ta san ƙoshi ba. In an jona ta kai tsaye da batir mai volt 9, za ta ja wuta fiye da ƙarfinta ta ƙone nan take. Saboda haka ake sa mata rizista a hanya. Ana iya kwatanta abin da ruwan tanki. Tsawon tankin daga ƙasa shi ne ƙarfin turawa, watau volt. Yawan ruwan da ke gudu cikin bututu shi ne amfiya. Rizista kuwa kamar wurin da aka matse bututun ne domin ruwa ya ragu, ana auna matsinta da ohm. Kashi ɗaya cikin dubu na amfiya shi ake kira miliamfiya.

Wani malami Bajamushe, Georg Ohm, ya bayyana dangantakar waɗannan abubuwa uku a 1827. Ƙa'idarsa ita ce, in an raba volt da ohm sai a sami amfiya. Ga yadda ake aiki da ita a nan. Batir yana ba da volt 9. Jar LED tana ɗaukar kusan volt 2 wa kanta. Saura 7 ke nan a kan rizista. In rizistar mai ohm 2,200 ce, sai a raba 7 da 2,200, a sami amfiya 0.003 da ɗan ɗoriya, watau kamar miliamfiya 3. In mai ohm 1,000 ce, miliamfiya 7 za a samu. In mai ohm 4,700 ce, miliamfiya ɗaya da rabi. Iyakar abin da LED ta yau da kullum take iya ɗauka kamar miliamfiya 20 ne, amma ba a bukatar kusantar wannan, domin miliamfiya 3 ta isa a ga hasken sarai a ɗakin taro. Shuɗiya da fara suna ɗaukar kusan volt 3, kuma haskensu yana kashe ido a duhu, saboda haka a sa masu rizista mai ohm 4,700 ko ma 10,000.

Ana karanta girman rizista ta zoben launi da ke jikinta. Mai ohm 2,200 tana da ja, ja, ja. Mai 1,000 tana da ruwan ƙasa, baƙi, ja. Mai 4,700 tana da rawaya, shunayya, ja. Zobe na huɗu, wanda sau da yawa ruwan zinariya ne, yana nuna ingancin awon ne kawai. Wasu rizistoci suna da zobe biyar, karatunsu daban ne, saboda haka ya fi kyau a auna kowace da mita kafin a liƙa. Ƙarama mai kwata na wat ta isa wannan aiki, har da rara mai yawa.

Kayan da za a tanada

Makunni mai riƙewa mai ƙafa shida, wanda ake sayarwa da sunan DPDT. A tafi da tsohon kasuwa domin a sami wanda wuyansa zai shiga ramin akwatin. Yawanci wuyan milimita 12 ne.

LED ja mai milimita 5, da 'yar robar ko ƙarfen da ke riƙe ta a jikin akwati.

Rizista mai ohm 2,200.

Batir mai volt 9, da hularsa mai jar waya da baƙa.

Siririyar waya mai rufi, da tef ɗin lantarki ko robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi, da ɗan soso.

Ƙarfen liƙi mai wat 25 zuwa 40, da dalma irin ta masu gyaran rediyo, da mita, da filaya, da sukudireba, da injin huda.

Kada a yi amfani da ruwan asid ɗin da masu liƙin lagireto da kwanuka suke shafawa. Yana cin waya a hankali, bayan 'yan watanni liƙin ya ruɓe.

Dalilin sayen mai ƙafa shida shi ne, makunni biyu ne a jiki ɗaya, taku ɗaya yake motsa su, amma ba sa taɓa juna ta ciki. Za a ba amfilifaya ɗaya, a ba fitila ɗaya. Ta haka wutar batir ba za ta shiga amfilifaya ba, amfilifaya kuma ba za ta ga wani bambanci ba.

Gargaɗi

Dukan wannan aiki a cikin akwatin makunni ake yinsa, kuma sai an zare fuloginsa. Babu dalilin buɗe amfilifaya ko kaɗan. Amfilifaya mai kwalabe tana aiki da wutar da ta kan wuce volt 400, kuma akwai kafasitoci a cikinta da suke iya riƙe wannan wuta ko bayan an zare ta daga soket. Wannan wuta tana kisa. Ko wadda ba ta da kwalabe tana da wutar gida a cikinta.

Dalma ta gargajiya haɗin kuza ce da darma, tana narkewa a kusan digiri 185 na ma'aunin Selsiyas. Darma guba ce, saboda haka ne Tarayyar Turai ta taƙaita amfani da ita a kayan lantarki tun 2006. Mai liƙi ya zauna inda iska take shiga, ya kau da fuskarsa daga hayaƙi, kada ya ci abinci ko goro yana cikin aiki, ya wanke hannu da sabulu in ya gama. A nisantar da yara daga ƙarfen liƙi. Haka kuma a tuna, makunnin da aka huda, kamfani ba zai karɓe shi a kan garanti ba, kuma kayan aro ba a huda shi sai da izinin mai shi.

Yadda ake aikin, mataki mataki

1. A kwance akwatin. Kafin a cire kowace waya a zana yadda take a takarda, ko a ɗauki hotonta.

2. A gane ƙafafun sabon makunni. Suna jere layi biyu, uku uku. Domin sauƙin bayani a kira na layin hagu 1, 2, 3, na layin dama 4, 5, 6. Na tsakiya, watau 2 da 5, su ne iyaye. A taku ɗaya 2 tana haɗuwa da 1, 5 kuma da 4. A taku na gaba 2 ta koma ga 3, 5 ta koma ga 6. Kada a dogara ga ido, a tabbatar da mita, gama wanda ya riƙe makunnin a karkace zai ɗauki layi inda ba layi ba. Ko yaya aka taka, bai kamata mita ta yi ƙara tsakanin layin hagu da na dama ba.

3. A zaɓi wurin fitila, inda takalmi ba zai rufe ta ba, kuma inda akwai sarari ta ciki. A auna kaurin mariƙinta, a huda rami daidai da shi. A kakkaɓe garin ƙarfe sarai, domin ƙwaya ɗaya tana iya haɗa ƙafa biyu.

4. A cire tsohon makunni, a ɗaura sabon, a ƙulle notinsa da kyau.

5. A liƙa wayoyin amfilifaya a layin hagu: wadda ta fito daga jikin fulogi a ƙafa ta 2, wadda ta fito daga kansa a ƙafa ta 1. A bar ta 3 haka nan. A wannan gaɓa ya kamata a tsaya a jona da amfilifaya a gwada. In makunnin yana aiki kamar dā, a zare a ci gaba.

6. A liƙa jar wayar hular batir a ƙafa ɗaya ta rizista. Rizista ba ta da gaba ko baya. Ɗayar ƙafarta a liƙa ta da doguwar ƙafar LED.

7. A liƙa baƙar wayar hular batir a ƙafa ta 5.

8. Yanzu sai a duba takardar nan da aka rubuta amsa. In haɗuwar wayoyi ce take kunna abin, a ja waya daga gajerar ƙafar LED zuwa ƙafa ta 4, domin fitila ta kama lokacin da 1 da 2 suke haɗe. In rabuwa ce take kunnawa, a kai wayar ƙafa ta 6.

9. A rufe duk wata tsirarar waya da tef ko roba mai tsukewa, musamman ƙafafun LED, kada su taɓa juna ko jikin akwati.

10. A naɗe batir da soso domin kada ya riƙa yawo, a jona shi, a taka a gani. Kafin a kai ga amfilifaya a juya mita zuwa awon volt, a ɗora ta a kan fulogi da jikinsa, a taka sau biyu. Tilas ta nuna sifili ko fitila tana kunne ko tana kashe. In ta nuna wani abu, to wutar batir ta sami hanya zuwa layin hagu, sai a nemo wurin a gyara.

Game da liƙin kansa, ƙa'ida ita ce a ɗumama ƙafar da waya tare, sa'an nan a taɓa masu dalma ta narke ta bi su. Daƙiƙa biyu ko uku sun isa. In an daɗe, robar da ke riƙe ƙafafun makunni ta kan yi laushi, ƙafar ta goce, makunnin ya lalace tun bai fara aiki ba. Liƙi mai kyau yana da santsi, ya kwanta a kan waya. Wanda ya dunƙule kamar ƙwallo bai kama ba, sai a sake shi.

Tsimin batir

Batir mai volt 9 irin mai ƙarko, wanda ake rubuta wa alkaline, yana iya ba da kamar miliamfiya 500 na awa ɗaya, ko miliamfiya ɗaya na awa 500. In fitila tana cin 3, sai a raba 500 da 3, a sami awa 160 da 'yan kai. Ga makaɗin da yake wasa awa huɗu a dare, wannan dare arba'in ke nan ko da fitilar ba ta mutu ba ko sau ɗaya. Amma in ya tashi daga wasa ya jefa makunnin cikin jaka fitila tana kunne, kafin mako ya zagayo batir ya ƙare.

In akwatin yana da soket wanda ake soka masa waya, akwai dabara. A musanya soket ɗin da mai ƙafa uku, watau irin na sitiriyo, mai ƙafar kai da ta zobe da ta jiki. A ɗauke baƙar wayar batir daga ƙafa ta 5 a kai ta ƙafar zobe, sa'an nan a ja wata waya daga ƙafa ta 5 zuwa ƙafar jiki. Fulogi na yau da kullum, mai baƙin layi ɗaya, ba shi da zobe, saboda haka in an soka shi jikinsa zai haɗa ƙafar zobe da ta jiki, hanya ta buɗe wa batir. Da an zare shi hanyar ta yanke. A nan fitila da amfilifaya sun haɗu a wuri ɗaya tak, watau ƙafar jiki, wannan kuwa ba ya cutarwa, gama wuta ba ta gudu sai ta sami hanyar zuwa da ta dawowa. In kuwa wayar a manne take da akwatin, sai a sa ɗan ƙaramin makunnin hannu a kan jar waya, ko a saba da duba fitila kafin a rufe jaka. In za a ajiye kayan wata da watanni a cire batir, domin tsohon batir ya kan yi yoyo ya ci ƙarfe, zafi kuma yana gaggauta wannan.

Makunni mai maɓalli biyu yawanci yana amfani da fulogi mai baƙin layi biyu, kai na maɓalli ɗaya, zobe na ɗayan, jiki nasu duka. Hanyar aikin ɗaya ce. Kowane maɓalli a ba shi nasa makunni mai ƙafa shida da tasa fitila da tasa rizista, batir ɗaya ya ishe su. Ya kyautu launin fitilun ya bambanta. Sai dai dabarar zobe ba za ta yiwu a nan ba, tun da zoben yana da aiki.

Ko za a iya yi ba tare da batir ba

Masu koyo su kan yi tambaya, me zai hana a sa LED a kan wayar amfilifaya kai tsaye, ta ci daga wutar da ke can? Gaskiya ne wasu kamfanoni haka suke shirya nasu, amma sun tsara amfilifayar ne tun farko domin haka. A wadda ba a shirya ba, abubuwa da dama suna iya faruwa. Wataƙila babu wuta a wayar ko kaɗan. A tsofaffin amfilifayoyin Fender masu kwalabe, alal misali, wayar da ke kashe amsa-kuwwa sauti ne kansa take ɗauke da shi. Wataƙila akwai volt amma wutar da ke gudu ba ta kai miliamfiya ɗaya ba, fitila ta yi dishi-dishi. Wataƙila kuma ta wuce miliamfiya 20, fitila ta ƙone. Bugu da ƙari, LED tana riƙe volt 2 nata, saboda haka amfilifaya tana iya ganin kamar wayoyin ba su haɗu sosai ba, ta ƙi amsawa, ko ta amsa yau gobe ta ƙi. Sa'an nan fitilar za ta kama ne kawai in wayoyi sun haɗu, ko da rabuwa ce take kunna abin. Wanda yake so ya bi wannan hanya sai ya nemi littafin amfilifayarsa ya ga ko kamfanin ya ambaci makunni mai fitila. In bai ambata ba, hanyar batir ta fi aminci, kuma makunnin da aka yi ta wannan hanya zai yi aiki da kowace amfilifaya da ke karɓar makunni mai riƙewa na waya biyu, sai dai a sake gwada ko haɗuwa ce take kunna ta ko rabuwa.

In aikin bai yi ba

In fitila ta ƙi kamawa, a fara auna batir, sa'an nan a duba ko an juya ƙafafun LED, sa'an nan a bi liƙi ɗaya bayan ɗaya da mita. In ta kama ta ƙi mutuwa, dalma ta haɗa ƙafa ta 5 da maƙwabciyarta. In tana kamawa lokacin da abin yake kashe, a ɗauke waya daga 4 zuwa 6, ko daga 6 zuwa 4. In ta yi walƙiya sau ɗaya ta mutu ke nan, an manta da rizista ko an sa ƙarama ainun, sai a sayi wata LED. In fitila tana aiki amma amfilifaya ba ta amsawa, a duba layin hagu da wayar da ke cikin fulogi, gama a nan waya ta fi tsinkewa. Ko da komai ya yi daidai, a gwada makunnin a wurin koyon kiɗa tukuna kafin a fita da shi gaban jama'a, kuma a ajiye batir na biyu a cikin jakar jita.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin makunni mai riƙewa da mai saki, kuma me ya sa hanyar batir ba ta dace da mai saki ba?

2. In batir yana ba da volt 9, LED tana ɗaukar volt 3, rizista kuma mai ohm 4,700 ce, miliamfiya nawa za ta gudu?

3. Waɗanne launuka ne a jikin rizista mai ohm 1,000?

4. Amfilifayar da rabuwar wayoyi ce take kunna ta, a wace ƙafa za a liƙa wayar da ta fito daga gajerar ƙafar LED?

5. Don me aka hana buɗe amfilifaya mai kwalabe ko da an zare ta daga soket?